Muhawara: Rossellini ɗan gwagwarmaya ne, ko a bi yarima a sha kiɗa?

Nafi'u: Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na gama kallon Roma città aperta, wato Roma buɗaɗɗen birni, fim ɗin da Malam Auwalu ya ce kowa ya kalla kafin zaman Asabar. Wallahi sai da na share hawaye. Amma da na bi tarihin daraktan, Roberto Rossellini, sai raina ya ɓaci. A ganina mutumin nan ba ɗan gwagwarmaya ba ne, a bi yarima a sha kiɗa ne kawai. Lokacin da Musolini, shugaban Italiya na jam'iyyar Fasist, yake tashe, finafinai uku ya yi wa sojojinsa: La nave bianca a 1941 kan jirgin ruwan asibiti na sojan ruwa, Un pilota ritorna a 1942 kan matuƙin jirgin saman yaƙi, sai L'uomo dalla croce a 1943 kan fadan coci da ke tare da sojan Italiya a fagen yaƙin Rasha. Na biyun ma ɗan Musolini na cikinsa, Vittorio, shi ya ba da labarin, kuma abokinsa ne. Ana tuɓe Musolini a Yulin 1943, shekara biyu ba su cika ba sai ga shi yana ɗaukar wannan fim na yabon waɗanda suka yaƙi 'yan Fasist. Wannan tuba ne ko neman mafita?

Malam Auwalu: Wa alaikumus salam. Nafi'u, babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ka lissafo. In ƙara maka ma, na farkon ma'aikatar sojan ruwa ce ta ɗauki nauyinsa. Sai dai ka dubi ƙasar da ya tashi a ciki. An haife shi a 1906, Musolini ya hau mulki a 1922, yana ɗan shekara goma sha shida. Cinecittà, babbar masana'antar fim ta Roma, Musolini ne ya buɗe ta a 1937. Duk mai son riƙe kyamara a Italiya a wancan zamanin, ta wannan ƙofar zai shiga.

Nafi'u: Malam, da girmanka, wasu ai sun ƙi shiga. Antonio Gramsci, jagoran 'yan gurguzun Italiya, shekarunsa na ƙarshe a tsare ya yi su, bai mutu ba sai da kurkuku ya cinye lafiyarsa, a 1937 ɗin nan da ake bikin buɗe masana'antar. Rashin ƙofa ba ya zama hujja tunda akwai waɗanda suka zaɓi su kwana a waje.

Ɗanlami: Ni bari in yi magana a matsayin wanda ke cin abinci da kyamara. Ƙanena Nafi'u, koma ka sake kallon wurin da aka harbe Pina a Roma città aperta. An tusa Francesco a motar sojan Jamus ranar da za a ɗaura musu aure, ita tana da ciki. Ta fizge daga hannun soja, ta faɗa titi da gudu tana kiran sunansa, hannunta a sama. Kyamarar na can bayan mota tana nisa da ita, kamar mu ma an kama mu, ba mu da ikon saukowa. Aka buɗe mata wuta, ta kife, siket ɗinta ya ɗage, ɗanta ya faɗa kanta yana ihu. Ba a ja sin ɗin ba, ba a tsaya kan fuskarta don a matso mana hawaye ba, kuma tsakiyar fim ne, babbar jarumar ta tafi ke nan. Mai neman a tafa masa ba ya kashe Anna Magnani, wadda ta fito a Pina, a rabin fim. Na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗauka ina tacewa, na san aikin da aka yi don a burge mai biya, na kuma san wanda aka yi saboda abu ya tsaya wa mutum a wuya.

Hajiya Rabi: Kuma ba ƙirƙira ba ce, Ɗanlami. Akwai matar gaske, Teresa Gullace, mai 'ya'ya biyar da cikin na shida. Ranar 3 ga Maris 1944 ta je bakin barikin da aka tsare mijinta a Roma, sojan Jamus ya harbe ta a gaban sauran matan. Ni abin da ya fi tsaya min shi ne inda mata suka farfasa gidan burodi saboda yunwa, har ɗan sandan unguwa ya taya Pina ɗaukar jaka zuwa gida. Duk macen da ta taɓa rasa abin da za ta ɗora a murhu ta san wannan fuskar.

Nafi'u: Hajiya, ɗan sandan nan da kika ambata shi ne ainihin ƙorafina. Ki lura da yadda aka raba mutanen fim ɗin. Ba'italiye talaka mai tausayi ne, ko da kakin gwamnati ne a jikinsa. Mugu kuwa Bajamushe ne, shi ke zaune a ofis yana sa a ƙona ɗan gwagwarmaya Manfredi da wuta. A ƙarshe da aka ɗaure fada Don Pietro a kujera za a harbe shi, sojojin Italiya da gangan suka kauce, sai hafsan Jamus ne ya zaro ƙaramar bindiga ya ƙarasa shi. Me ake gaya wa ɗan kallo? Wai mu Italiyawa hannunmu tsarkakakke ne, baƙi ne suka zo suka ɓata mu. To shekara ashirin da suka yi suna cika dandali suna yi wa Musolini kirari fa? Dokokin wariyar Yahudawa na 1938 Italiya ce ta kafa su da kanta. Ranar 16 ga Oktoban 1943 aka kwashe Yahudawa sama da dubu daga Roma zuwa Auschwitz, goma sha shida kacal suka dawo. A cikin watannin da labarin fim ɗin ya faru ne, amma ba a nuna ba.

Malam Auwalu: Wannan magana ce mai nauyi, kuma manazarta a Italiya ma sun daɗe suna yin ta. Amma gyara kaɗan. Shugaban 'yan sandan Roma da ke zaune da Bajamushen suna duba taswira, Ba'italiye ne. Marina da ta tona asirin Manfredi saboda ƙwaya da rigar gashi, Ba'italiya ce. Ba a ce kowa waliyyi ba ne. Sannan ka tuna lokacin da aka ɗauka: Janairun 1945, wata bakwai bayan Jamusawa sun fice daga Roma ranar 4 ga Yunin 1944, kuma har lokacin suna riƙe da arewacin ƙasar. Cinecittà ta koma sansanin 'yan gudun hijira, zaren fim ma guntu-guntu ake tsintowa a saya. Mutane 335 da Jamusawa suka kashe a kogon Ardeatine na Roma ranar 24 ga Maris 1944, danginsu ba su gama zaman makoki ba. A irin wannan rana ba kowa ke iya buɗe baki ya ce wa 'yan'uwansa ku ma da naku ba.

Baba Isiyaku: Ina ta karantawa ban sa baki ba. 'Ya'yana, duk kuna ta maganar Turawa da abin da suka yi wa junansu. Ni tambayata ɗaya ce. Ina Habasha? Kafin 'yan Fasist su taɓa ɗan'uwansu Bature, a kanmu suka fara gwada hannu. A 1931 suka rataye Umar Mukhtar a Libiya, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, a gaban dubban mutanen da aka tara don su gani. A 1935 suka afka wa Habasha, suka zuba musu iskar guba daga sama. A Fabrairun 1937, bayan an jefa wa Graziani, gwamnan Italiya a Habasha, gurneti a Addis Ababa, kwana uku suna yanka mutanen garin. Kuma iyayenmu sun shiga wannan yaƙin. Sojojin Nijeriya ne suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka bi sojan Italiya har cikin Habasha. Muna yara akwai tsofaffin soja a unguwarmu da ake cewa sun je yaƙin Habasha kafin na Bama. To shi wannan darakta naku, ya taɓa ɗaga kyamara ya nuna wannan?

Nafi'u: Baba, Allah ya ƙara girma. Ya taɓa shi, amma ta bayan gida. A 1938 yana cikin waɗanda suka rubuta Luciano Serra pilota, fim ɗin da ya mai da matuƙin jirgin Italiya gwarzo a yaƙin Habasha. Vittorio Musolini ne ya kula da aikin, har kofin Musolini aka ba shi a bikin finafinai na Venice.

Baba Isiyaku: To ka ji.

Ɗanlami: Baba, wannan kam ba ni da amsa. Na yarda tabo ne a jikinsa, kuma ba na jin akwai fim ɗin da zai goge shi. Abin da nake roƙo kawai, kada mu jefar da abin da ya yi daga baya. A Paisà na 1946, labari na shida, an ɗaure wa 'yan gwagwarmaya hannu ta baya ana tura su ɗaya bayan ɗaya cikin kogin Po. Ruwa ya rufe, fim ya ƙare. Babu tuta, babu taken nasara. A 1947 kuma ya tafi Berlin ya ɗauki Germania anno zero a cikin kangayen birnin, kan yaron Bajamushe da tsohon malaminsa ɗan Nazi ya cusa masa cewa mai rauni bai cancanci rayuwa ba, har ya ba mahaifinsa guba. Wanda burinsa ya ɗora wa Jamusawa komai ba zai je ya yi wa ɗansu kuka ba.

Malam Auwalu: Akwai kuma wanda nake so Nafi'u ya kalla da kansa, Il generale Della Rovere na 1959, wanda ya samu babbar kyautar Venice. Vittorio De Sica ne ya fito a ɗan damfara mai karɓar kuɗin iyalan waɗanda aka kama da sunan zai fitar musu da su. Jamusawa suka kama shi, suka sa shi a kurkukun San Vittore na Milan da sunan wani janar na 'yan gwagwarmaya, don ya jiyo musu asiri. Fursunoni suka riƙa girmama shi a matsayin janar, suna kawo masa sirrinsu. A hankali rigar aron ta zauna masa, ya ƙi ba da sunan da ake nema, ya bi sahun waɗanda za a harbe. Ba na cewa Rossellini labarin kansa ya bayar, wannan Allah ne masani. Amma mutumin da ya ci abincin Fasist shekara da shekaru, sannan ya zauna ya shirya wannan, ni dai na kasa kiransa maras kunya.

Nafi'u: Zan kalla, Malam, in sha Allahu. Amma bambancin a fili yake. Ɗan damfaran da ransa ya biya. Rossellini kuwa kyauta ya karɓa a Cannes a 1946, ya rayu har 1977 ana karrama shi. Na janye kalmar a bi yarima kan fim ɗin Pina, don Yaya Ɗanlami ya nuna min abin da ban lura da shi ba. Ban janye ta kan mutumin ba.

Hajiya Rabi: Ni ina da shawara. Ranar Asabar kada mu kalli fim ɗaya. A fara sa mana na matuƙin jirgin nan na 1942, sannan a sa na Pina, mu ga da idonmu ko hannu ɗaya ne ya riƙe kyamarar. Baba kuma ya zo da labarin tsofaffin sojan unguwarsu, don ni ban taɓa jin an ce namu sun kai Mogadishu ba.

Baba Isiyaku: Zan zo, 'yata, in Allah ya kai mu. A sa zaman bayan La'asar, saboda ba na tuƙi da daddare.