Yaushe ake cire maɗaciya?

Abin da aka fi jaddadawa: ganin tsakuwar maɗaciya a hoton ciki bai wajabta tiyata ba. Idan ba ta ciwo, yawanci a bar ta. Amma in ciwo na dawowa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman bayan cin maiƙo, ko ya zo da zazzaɓi, ko idanu suka yi rawaya, kada a yi jinkiri, don tsakuwar kan toshe bututu har ta kumbura fankiriyas, wato wani sashin ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci.

Tsiron nama a cikin maɗaciya ma, in ya kai santimita 1, cire maɗaciyar ake ba da shawara.

Maganin narkar da tsakuwa kuwa, watanni yake ɗauka, kuma sau da yawa tana dawowa. Galibi ta 'yan ƙananan huda ake aikin cire maɗaciyar yanzu, hanta kuma tana ci gaba da samar da ruwan ɗaci.