Teku ne Ke Hawa, Ko Ƙasa ce Ke Nutsewa?

Ɗan Mai Albasa:
Sallama, mutan Birnin Shehu, iyayena,
Ɗanku na Legas ke gaisuwa.
Albasa muke saukewa a kasuwar Mile 12,
Da damina ruwa har gwiwa.
Baba Malam, teku ne ke hawa,
Ko ko ƙasar ce ke nutsewa?

Baba Malam:
Ɗana, Allah shi tsare hanya,
Duka biyun ne ke faruwa.
Milimita 3 zuwa 4 teku ke ƙarawa a shekara,
Zafi na kumbura shi, ƙanƙara na narkewa.
Amma dubi arewacin Jakarta ta Indunusiya,
Wani wuri har santimita 25 a shekara ya riƙa lotsawa.
Burtsatse anka haƙa gida-gida,
Ruwan da ke tallafe da laka anka yi ta zuƙewa.
Benaye sunka danne ta da nauyi,
Laka in ta matse, ba ta komawa.
A 2019 gwamnati ta yanke shawara,
Babban birni zai yi ƙaura zuwa tsibirin Borneo, abin tausayawa.

Inna ta Goronyo:
Malam, ranka shi daɗe, bari in sa baki,
Mu ma a nan mun san ruwa.
A 2010 gulbin Rima ya cika ya batse,
Gero da gidajen laka sunka bi ambaliya, muna kallo muna kokawa,
Hanyar Jami'ar Ɗanfodiyo ta yanke, sai kwalekwale ke ƙetarawa.
Namu dai ya janye, mun koma fadama,
Na bakin teku fa, ina za shi janyewa?
Ayetoro ta jihar Ondo ke ba ni tausayi,
Gida bayan gida teku ke haɗiyewa.

Ɗan Mai Albasa:
Inna, kin sa gabana faɗuwa.
Baba, shin akwai garin da ya tsira?

Baba Malam:
Akwai Tokyo, can ƙasar Japan,
Fiye da mita 4 wani yanki ya yi nutsewa.
Sunka yi doka kan zuƙar ruwan ƙasa,
Sunka ba masana'antu wani ruwa, lotsawa ta yi tsayawa.
Sai dai abin da ya nutse bai taso ba,
Har yau ganuwa ce ke karewa.

Ɗan Mai Albasa:
Na ji, Baba, Allah shi ƙara sani.
Amma unguwarmu famfo ba shi zuwa.
'Yan garuwa daga burtsatse suke ɗiba,
Da shi muke alwala, da shi muke dafuwa.
Mai son a rufe shi, shi kawo famfo tukuna,
Mu ma ba mu son ɗakinmu na nutsewa.