Harsashin Clarke: Musayar Waƙa Kan Zango na Bakwai na The 100

Mai-Goron Fagge

Jama'a, assalamu alaikum. Daren jiya na sake kallon kashi na 13 na zango na bakwai na fim mai dogon zango The 100, inda jarumar fim ɗin Clarke ta harbe amininta Bellamy, raina ya ɓaci sabo fil kamar a 2020. Ƙa'idarmu tana nan: mai ba ni amsa ya zo da baiti. Wanda bai kai ƙarshen fim ɗin ba ya runtse ido ya wuce, don yau tonon silili za a yi.

Da sunan Allah zan buɗe baki,
In koka a kan zango na bakwai.

Shekara casa'in da bakwai a kumbo,
Iska ta ja baya, ana ƙirga rai.

Aka loda yara ɗari a jirgi,
Aka jefo su ƙasa, su gwada ta dai.

Su ga ko gubar nukiliya ta kwanta,
Ko mai shaƙar iskar sai ya sunkuyar da kai.

Cikinsu har da wanda ba a gayyata ba,
Ya harbi shugaba don ya bi ƙanwa tai.

Bellamy ke nan, yayan Octavia,
Mai zafin zuciya, mai amana ƙwarai.

A Dutsen Weather da hanya ta ƙare,
Aka ce sai an kashe kafin a tsira da rai,

Ya ɗora hannu a kan hannun Clarke,
Don kar ta ɗau alhakin nan ita kaɗai.

Zango shida muna biye da sawunsu,
Su yi faɗa, su shirya, su dawo daidai.

Kwatsam sai ga shi cikin farar riga,
Almajirin Cadogan, shugaban duniyar Bardo, ya zama wai.

A kan littafin zanen yarinya Madi,
Clarke ta saita, ta sakar masa a ƙirji nai.

Littafin ma ba ta iya ɗaukowa ba,
Ta tsere ta bar shi, ina ribar dai?

Ba wanka, ba likkafani, ba rami,
Kashi na gaba ƙanwarsa ta yafe sarai.

Uwar Biyu

Ƙanena Mai-Goro, na ji kukanka,
Amma dai ba ka taɓa goyo ba.

Shekara shida bayan wutar nukiliyar Praimfaya,
Clarke ba ta ga kowa nata ba.

Sai 'yar nan Madi a cikin kwari,
Wadda ba cikinta ya ɗauka ba.

Ta ciyar, ta tufatar, ta koya mata harbi,
Dare da rana, ba ta gaza ba.

Ka ce littafi, ka raina littafi,
Don ba ka duba me ke ciki ba.

Tunanin kwamandojin da suka shuɗe,
Yana kan yarinyar, bai goge ba.

Shi take zanawa shafi bayan shafi,
In Cadogan ya gani, ba zai bar ta ba.

Ta roƙi yayan naka da hawaye,
Ajiye, ajiye, bai ajiye ba.

Kuma ka ga aikin na'urar Bardo,
Da ta shiga kan Madi ba ta tausaya ba:

Ido a buɗe, kunne na ji,
Ko ɗan yatsa bai motsa ba.

Ka nuna min uwar da za ta hango wannan,
Ta tsaya shawara, ni ban gan ta ba.

Injiniya Ɗan Sabon Gari

Ni ba ruwana da wa ya harbi wa,
Ciwon da ke damuna daban ne kuwa,
Fim ya fara da ƙirgen iska da ruwa,
Ya ƙare da dutse mai buɗe ƙofar duniya.

Yau a Sanctum, gobe Skyring za mu kwana,
Jibi Bardo, gata Nakara ba rana,
Citta Etherea, ni dai na rasa kaina,
Sai ka ce fasinjan da direba ya sayar a hanya.

Shekara goma Octavia ta yi ba ta dawo ba,
A Sanctum kuwa ko shayi bai huce ba,
Wannan Einstein ya faɗa, ni ban musa ba,
Agogo ba ya tafiya ɗaya a kowace duniya.

Amma wasu halittu su zo da mizani,
Mutum guda ya tsaya a madadin jinsi,
In ya faɗi a shafe kowa, shi ne hukunci,
Wannan kimiyya ce ko gatanan tatsuniya?

Kashi na takwas kuma kacokan talla ne,
Na wani sabon fim, wai mafarin labarin ne,
Tashar CW ta janye, wannan sananne ne,
Kashi guda cikin 16 ya zama bashi, ba mai biya.

Ɗan Auta

Yaya Mai-Goro, mu Bello muke ce masa a layinmu,
Lokacin korona shi ya ɗebe mana kewarmu.
Duk sati in kai memori shagon mai tura fim na unguwarmu,
In dawo a baza tabarma, waya ɗaya, mu shida abinmu.
Tana ɗaga bindiga caji ya mutu, ga ba wuta a gidanmu,
Muka kwanta muna rantsuwa ba za ta taɓa Bello ba, namu.
Da safe aka kai caji shago, muka zauna jiran rabonmu,
Ashe tun jiya da gawa muka kwana a cikin wayarmu.

Malam Na-Zaure

Hajiya Uwar Biyu, ina gaishe ki da goyo,
Sai dai hujjarki akwai rami ƙarƙashi.

Kin ce shekara shida ba ta ga kowa ba,
Wa take kira a rediyo kullum? Ai shi.

Kwana 2,199 tana magana da iska,
Ba amsa, gari ya waye ta sake kiran shi.

Wanda aka yi wa irin wannan kira,
In ya ɓata, ƙafa ake harbi, a ɗaure shi.

Ga kuma inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya,
Ku matso kusa, don a nan nake jin nauyin shi.

A kogon Etherea ya ga haske da mahaifiyarsa,
Ya dawo ya faɗa, aka ce hankali ya bar shi.

Kashi uku kacal da zubar da jininsa,
Sai ga hasken nan, kowa na kallon shi.

Mai rai duk ya narke ya zama haske,
Matacce ba ya hawa, haka aka tsara shi.

Wanda ya fara gaskatawa cikinsu,
Aka yi tafiyar duka ban da shi.

Emori ta cika, saurayinta Murphy ya sa aka ciro na'urar tunaninta,
Aka dasa a kansa, ta haye tare da shi.

Marubuci ya san ƙofar baya ke nan,
Bellamy ne kawai bai ga dama ya buɗe wa shi.

Ita Madin da aka yi kisan dominta,
Da ƙafarta ta je wa Cadogan, ta same shi.

Da abokai suka sauko, ita ba ta sauko ba,
Ba tsuntsu, Hajiya, tarkon ma an rasa shi.

Batun wasu halittu su yi wa ɗan Adam hisabi kuwa, ina bayan Injiniya. Na ɗauke shi a gatanan gatananku, na yi a'uziyya na wuce. Ba a nan rigimata take ba.

Ɗiyar Maraɗi

Sannunku da makoki, mutanen Kano,
Kun zauna bisa gawa guda kuna ta kewa.

Wa ya tuna Murphy, ɗan iskan zango na ɗaya,
Da anka rataye bisa ƙage, ya sha da ƙyar kuwa?

Shi ne fa ya ɓoye mutanen Sanctum,
Ranar da mugun kwamanda Sheidheda ya zo da yankan kowa.

Mai gudun tsira da kansa tun farko,
Ya tsaya ƙofa don wasu su samu rayuwa.

Diyoza da anka sani da bam da bindiga,
A Skyring ta koma shuka da ban ruwa.

Da Hope ta saki gubar da za ta cinye Bardo,
Ta tare ta da hannu, ta ɗauki mutuwa.

Don kar ɗiyarta ta zama irinta,
Hajiya, in uwa kike nema, ga uwa.

Indra kuwa, ku tashi tsaye in an ambace ta,
Ita ta aika Sheidheda inda ba dawowa.

Octavia da ta sa anka ci naman mutane a rami,
Ita ta shiga tsakanin runduna biyu ba gudawa.

Ta yar da takobi, ta yi magana, anka ji,
Yaƙin ƙarshe ya mutu tun kafin ya yi yawa.

Zangon na da rami, ban ce babu ba,
Amma ba a zubar da tukunya don tsakuwa.

Injiniya, kashi na takwas ɗin da ka kira talla, a nan munka gane yaren mutanen ƙasa Callie ɗiyar Cadogan ce ta ƙirƙiro shi tun tana ƙarama. A zahiri kuma David Peterson ne ya gina yaren, shi da ya yi na Dothraki. Ni wannan kashin sau ukku na kalle shi.

Injiniya Ɗan Sabon Gari

'Yar'uwa, kashin ya yi daɗi, ban ce bai yi ba,
Amma an ɗanɗana mana miya, tuwon bai zo ba.

Uwar Biyu

Malam, na karɓa, ƙafa ya kamata,
Sai dai harsashin ya fito ne daga alƙalami.

Jason Rothenberg ke riƙe da zaren labari,
Shi za ku tsare ku ce ina Bellamy.

Kusan kashi goma muna cigiyarsa,
Sai ya ɓullo da farar riga da sabon ilimi.

Kashi ɗaya tal aka ba shi ya juya zuciya,
Kashi biyu gaba aka tura shi rami.

Ko ƙosai ba a soya shi da wannan gaggawa,
Waje ya ƙone, ciki ɗanye da tsami.

Ita ma Clarke ai ba ta sha da daɗi ba,
A tsakiyar gwaji ta bindige Cadogan azzalumi.

Alƙalin ya zo mata da fuskar marigayiya Lexa,
Ya ce kin faɗi, ba roƙo, ba lallami.

Sai da Raven ta je ta ɗaukaka ƙara,
Aka tsira, amma ita aka bar ta ba ko takalmi.

Kowa ya hau, ita kaɗai a doron ƙasa,
Ka ce ba ta biya ba, ya Malami?

Don a yi adalci: mai shirin da bakinsa ya ce Bob Morley, wanda ya fito a Bellamy, shi ya nemi hutu a farkon zangon, shi ya sa muka daɗe ba mu gan shi ba. Kuma ga wanda bai sani ba, shi da Eliza Taylor, wato Clarke, sun yi aure tun 2019.

Ɗan Auta

Anti, ke nan da rana ta harbe shi a wurin aiki,
Da dare ta ce Maigida ga abinci, ya ce sannu da aiki?

Malam Na-Zaure

Auta, je ka kai wayarka caji,
Manya na magana, kai kana neman yaji.

Hajiya, hutu ba laifi ba ne a wurin aiki,
Amma wanda ya tafi hutu ba a tarbarsa da harsashi a ciki.

Mai-Goron Fagge

Ɗiyar Maraɗi, na sara miki a kan Indra,
Diyoza ma na yarda, ta cika uwa ƙwarai.

Yaya Uwar Biyu, na sauke fushina daga Clarke,
Na mai da shi kan mai alƙalami, rabi dai.

Rabin na riƙe, don Malam ya faɗi gaskiya,
Mai kiran rediyo ba ta saita ƙirji, ko da wasa wai.

Amma ku zo mu dubi bakin ruwan nan na ƙarshe,
Kashi na ɗari cif, lissafi ya zo daidai.

'Yan tsiraru sun bar haske sun dawo mata,
Ana kafa bukka, ana dariya sosai.

Ɗiyar Maraɗi ta ga zumunci a wurin,
Ni kuwa sharaɗin da aka gindaya ya tsaya min a rai.

An ce musu ba haihuwa, ba sake hawa,
Daga su sai karen nan Picasso kaɗai.

Za su tsufa, furfura ta cika bakin ruwa,
Ba jika, ba ɗa, ba mai ɗauko ruwa a kai.

Ɗaya bayan ɗaya za su riƙa tafiya,
Wannan ya haƙa wa wancan, ya rufe da hannu nai.

To wanda ya rage a ƙarshe, wa zai haƙa masa?
Ko shi ma fili zai kwanta, kamar Bello dai?