Musayar waƙa: Wa ya fi girma? (Matiyu 18)

Ɗan Wusasa: Salama 'yan'uwa. Mun gama taron falkaswa ran Asabar, ran Lahadi sai ga dattawa biyu na jayayya kan kujerar gaba. Mai amsa ya amsa.

Almajirai a hanya suna ta gardama,
Cikinmu wa ya fi, wa za a bai wa girma?
Yesu ya jawo yaro, tsakiya ya ba shi zama,
In ba ku zam kamarsa ba, ba ku shiga Mulkin Sama.

Dattijon Malumfashi:
Yaro, kujerar nan ba kai ka saya ba,
Ran ginin majami'a ba ka ɗau bulo ba,
Tawali'un da kake faɗi ba mu ƙi ba,
Amma ko gaisuwar safe ba ka iya ba.

Ladi mawaƙiya: Kai! Baba ya gama da shi. Tsohuwar zuma!

Maman Zumunta: Ladi, kawunki ne, dole ki yaba. Ga nawa:

Daren falkaswa an yi kuka har da majina,
Gari na wayewa an manta kafin rana,
Jikata an ƙwace mata alewa, ta yafe kafin kwana,
Mu ko shekara goma muna gaba kan tukunya.

Malamin Hausa: Mama, ma'ana ta yi, amma amsa-amo ya karye. "Tukunya" ba ta zauna da "kwana" ba. Kai kuma Ɗan Wusasa, ɗangonka na farko gaɓa 13, na huɗu 16. Wane kari ke nan?

Ɗan Wusasa: Malam, aya ta 3 ce na saka a waƙe. In datse maganar Ubangiji don ma'auninka?

Malamin Hausa: Ba wanda ya ce ka datse. Ka auna.

Maman Zumunta:
Malam mai ƙirgen gaɓa, sannu da ƙoƙari,
Da tulu da shantu muke namu kari,
Bakin jarirai ma ya yi yabo tun fari,
Zabura 8 ce, ba su karanta aruli ba.

Malamin Hausa: Kin sake karyawa.

Maman Zumunta: Da gangan.

Matashin Gindiri: Kun bar zance. Falkaswar Gindiri ta 1972 cikin 'yan makaranta ta kama.

Wutar da ta tashi, yara ta fara ci,
Suka furta zunubi, suka bar butulci,
Mu yau janareto da lasifika muke mutunci,
Zuciya na nan daram kamar dutsen niƙa.

Malam, na sani, kar ma ka fara.

Dattijon Malumfashi: Ku yi haƙuri, sai yau na samu caji. Ɗan Wusasa, ɗana,

Ka ce girman kai ya kai ni gaba,
Kunne ne ya mutu, ba ka tambaya ba,
Daga kujerar baya wa'azin Fasto ba na ji ba,
Wancan ɗayan kuwa, ni ban san dalilinsa ba.

Ladi mawaƙiya: Baba, yana cikin zauren nan fa, yana karantawa.