Wace kalma za mu sa wa "evaluation" a Hausa?

1/ Jama'a, masu fassara da 'yan jarida, ina neman shawararku. Turawa suna da abin da suke kira "policy evaluation", wato a koma kan wani shiri na gwamnati a gano ko ya yi amfanin da aka ce zai yi. A rediyo kowa da abin da yake cewa: tantancewa, kimantawa, bita, bin diddigi. Ni ina ganin duk ba su dace ba.

2/ Tantancewa ta riga ta sami gida. Majalisar Dattawa tana tantance ministoci, ana tantance maniyyata, ana tantance masu zaɓe. Aikin ware mai kyau daga marar kyau ne tun kafin a fara. Kimantawa kuma ƙiyasi ce, irin ta dillali da ya dubi gida ya yanka masa kuɗi. Bita ta ɗalibi ce da mai gyaran rubutu.

3/ Bin diddigi da sa ido su ne suka fi ruɗa mu. Su aikinsu tambaya: an saki kuɗin? An gina ajin? Abincin ya isa makaranta? Binciken kuɗi kuma na odita ne. To ana iya kashe kowane kwabo a inda aka rubuta, rasit ya cika, amma yaran da aka yi shirin dominsu ba su iya karatu ba. Tambayar ko yaran sun iya karatun ita muke nema wa suna.

4/ Shawarata: AWON TASIRI. Aikatau ɗin, auna tasiri. Awo kalmarmu ce ta kullum, daga awon hatsi har awon ciki, kuma duk Bahaushe ya san awo yana buƙatar ma'auni da shaida. Ba ra'ayi ba ne.

5/ Ga misalin da ya sa na nace. A 1997 Meksiko ta ƙaddamar da Progresa, shirin ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti. Tunda ba za a iya fara ko'ina lokaci guda ba, sai aka ɗauki ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a. Guda 320 suka fara karɓa, 186 suka jira. Aka ba IFPRI, wata cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa wadda ba ta gwamnati ba ce, ta kwatanta ɓangarorin biyu. Aka ga shigar yara makaranta ta ƙaru, musamman 'yan mata a sakandare. Ƙauyukan da suka jira su ne amsar tambayar "da ba a yi shirin ba, da yaya?" Wannan kwatancen shi ne awon. In babu shi, rahoto ne kawai.

6/ Siyasar tana nan ma. A 2000 jam'iyyar da ta yi shekara 71 kan mulki ta faɗi, amma sabuwar gwamnati ba ta rushe shirin ba, sai ta sauya masa suna zuwa Oportunidades, kuma sakamakon awon na cikin abin da ya kare shi. Sai dai a 2019 wata gwamnatin ta soke shi duk da hujjojin, daga baya kuma aka rushe CONEVAL, hukuma mai zaman kanta da ke wannan aiki, aka mayar da ayyukanta hukumar ƙididdiga. Abin ya dame ni ƙwarai.

7/ Shi ya sa nake son kalmar ta riƙa tuna mana wa ke riƙe da mudu. A kasuwa, mai saye ba ya yarda da mudun da aka lotsa wa gindi. Idan ma'aikatar da ta gudanar da N-Power ko ciyar da 'yan makaranta ita ce za ta auna kanta, mu rubuta "rahoton ma'aikata". Kada mu ba shi sunan awon tasiri.

8/ Jerin da nake so mu tsayar: sa ido ko bibiya ga aikin yau da kullum, binciken kuɗi ga odita, awon tasiri ga sakamako. Inda na tsaya shi ne sunan mai aikin. "Mai awo" zai kai hankali kasuwar hatsi, "ma'auni" kuma kayan aiki ne. Ina karkata ga "mai auna tasiri". 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me gidajen rediyonku suke cewa?