Rigar fatata ta bushe ta ƙandare, wane mai zan shafa mata?

Mai_Jaket ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar fata ku taimaka min da shawara. Ina da wata jaket ta fata ruwan ƙasa, yayana ne ya bar min ita, a jikin takardar wuyanta an rubuta fatar saniya ce. Ta daɗe a rataye cikin wadrob ba a sa ta, yanzu da na ciro ta sai na ga ta bushe sosai, kafaɗa da gwiwar hannu sun koɗe sun yi fari-fari, in na lanƙwasa hannun har wata ƙara take yi, bakin hannun riga kuma ya fara 'yan ƙananan tsagewa. Sannan akwai wani farin abu kamar gari kusa da aljihu, na goge ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo.

Na tambayi mutane kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce man zaitun, wani ya ce in labta mata basilin in shanya a rana ta sha, wani kuma ya ce akwai mai na musamman da ake sa wa sirdin doki. Wallahi ina son rigar nan, ba na so in ɓata ta da hannuna. Wanne zan yi amfani da shi, kuma yaya ake shafawa? Tsagewar nan za ta haɗe in ta sha mai?

Tsohon_Baduku ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka yi kyau da ka tambaya kafin ka taɓa ta, domin mai in ya shiga fata ba ya fita ta daɗi. Maganar basilin da shanya a rana kam ka manta da ita gaba ɗaya, rana da zafi su ne ma kan gaba wajen busar da fata, shi kuma basilin zama yake a sama ya yi danƙo, ƙura ta manne, ya ɓata maka duk rigar da ka sa a ciki.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa. Fata ai zaruruwa ce 'yan ƙanana a saƙe da juna, kuma tun a wurin jima ake cusa musu mai don su riƙa zamewa a kan juna in an lanƙwasa. Shekara da shekaru man nan yana raguwa, zafi ya ci wani, ruwan sama in ya jiƙa ta ya bushe ya tafi da wani, gumi ma da nasa aikin a wuya da bakin hannu. In ya yi ƙaranci sai zaruruwan su fara gogar juna a bushe su karye, ita ce ƙarar da kake ji da tsagewar da ka gani. To aikinka shi ne ka mayar da ɗan abin da ya tafi, ɗan kaɗan fa, ba ka cika ta ba. Fatar da ta sha mai fiye da kima takan saki jiki ta yi laɓo-laɓo, ta rasa siffarta, kafaɗa ta zube, kuma wannan ya fi bushewar wuyar gyara nesa ba kusa ba.

Kafin komai ka ɗiga mata ruwa ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani, kamar cikin bakin rigar ta ƙasa ko ƙarƙashin kwala. In ruwan ya shige nan take wurin ya yi duhu, fatar a buɗe take, irin wadda rini kawai aka yi mata, to za ta sha mai da sauri kuma launinta zai canja, sai ka yi a hankali sosai. In kuma ruwan ya tsaya a sama yana gangarawa, an yi mata fenti da rufi a sama, mai mai kauri ba zai ratsa ba, zama zai yi ya yi maiƙo, irin wannan kirim mai ruwa-ruwa take so. Yawancin rigunan fata na yanzu da gishirin kurom, wani sinadarin jima, ake jeme su, hanyar da aka gano tun 1858 wadda ke gama aiki cikin kwana guda ko makamancin haka, saɓanin jima da ɓawon itatuwa da ke ɗaukar makonni ko watanni. Fatar kurom ba ta da ƙishin mai irin na sirdi ko bel mai kauri, shi ya sa abin da ya dace da sirdi ba lallai ya dace da riga ba.

Sai gogewa. Ka kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, musamman bakin ɗinki da gefen zif, sannan ka jiƙa farin tsumma ka matse shi sosai ka bi ta ko'ina. Kar ka shafa mai a kan datti, tura shi ciki za ka yi. Omo da sabulun wanki kar su zo kusa, fata tana da ɗan tsami ne, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 4.5 zuwa 5, shi kuwa sabulu ya kan kai 9 zuwa 10, busar da ita yake ƙara yi. Ka bar ta ta bushe a inuwa inda iska ke shiga, kwana ɗaya cur.

Ni shawarata ka nemi kirim ɗin gyaran fata wanda ya dace da tufafi, irin su Bick 4 ko Lexol, Bick 4 an san shi da rashin dafar da launi. Ka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri ka jira har gobe ka ga yadda launin ya zauna. In ya yi, sai ka ɗan ɗiga a tsumma, ba a jikin rigar kai tsaye ba, ka murza tsumman ya sha, ka riƙa shafawa kana zagayawa, ɓangare-ɓangare, baya daban hannu daban. Ka rataye ta ta kwana, washegari ka goge da busasshen tsumma ko buroshin gashin doki. In wuraren da suka koɗe sun shanye kuma har yanzu a bushe suke, su kaɗai za ka ƙara wa. Shafa biyu siriri ya fi ɗaya mai kauri.

Ɗan_Babur ya rubuta:

Baba Baduku ya gama magana, amma ni dai ina ganin an ɗan rage wa man sirdin nan daraja. Wanda aka faɗa maka shi ne ake rubuta neatsfoot a jikin kwalba, daga ƙashin ƙwauri da ƙafafun shanu ake tatso shi banda kofato, kuma abin da ya sa masu fata ke son shi ba ya saurin daskarewa a sanyi kamar sauran kitse, yana ratsa fata har ciki. In rigarka irin mai kauri ce ta masu babur, irin samfurin Perfecto da kamfanin Schott ya fara yi a Amurka a 1928, kuma ta ƙandare har tana ƙara kamar yadda ka ce, to gaskiya kirim mai ruwa-ruwa sai ka yi ta shafawa kafin ka ji canji, shi kuwa wannan ɗan kaɗan ya isa ka ji hannun ya saki.

Abu biyu kawai za ka kiyaye. Zai dafar da launin, wannan ba makawa, ruwan ƙasa mai haske zai koma mai duhu kuma ba lallai ya dawo yadda yake ba, in baƙa ce babu damuwa amma taka ruwan ƙasa ce, sai ka yanke shawara tun kafin ka buɗe kwalbar. Na biyu ka duba rubutun da kyau, akwai tsantsa akwai gauraye, gaurayen ana haɗa shi da man da ake samu daga fetur, ni tsantsan nake saya. Man minki, na kitsen wata ƙaramar dabba, shi ma haka yake dafarwa, kuma da yawa daga na gwangwani an haɗa su da kaki da wasu abubuwa don takalman aiki, suna kashe sheƙin riga. Su man fata na Obenauf's mai kauri ɗin nan ka bar wa takalman but.

Tsohon_Baduku ya rubuta:

Ban ƙi taka ba Ɗan Babur, man yana aiki. Tsorona hannun sabon shiga ne, da ya ga fata tana shanyewa sai ya ɗauka ƙari take nema ya yi ta zubawa, alhali man bai gama yaɗuwa a ciki ba, yakan ɗauki kwana biyu uku yana tafiya. In zai yi da shi to cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya fara da shi a rigar gaba ɗaya, ya jira kwanaki kafin ya yi tunanin ƙari.

Maman_Ɗinki ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Mai Jaket ba wanda ya taɓo maganar farin abun nan na aljihu, kuma shi ya kamata ka fara warwarewa. Abu biyu ne ke yin haka. Ko dai funfuna ce saboda danshin wadrob, ko kuma kitsen da ke cikin fatar ne ya taso sama ya daskare, yana faruwa in sanyi ya kama ta. Ka shinshina, funfuna tana da warin danshi kuma ɗigo-ɗigo take fitowa. Sannan ka ɗora tafin hannunka a wurin ya ɗumama ko ka murza da yatsa, in ya narke ya ɓace kitse ne, ba ciwo ba ne, gogewa kawai. In funfuna ce kar ka kuskura ka shafa mai a kai, abinci ka ba ta. Ka fita da ita waje ka goge, ka bi wurin da tsumma mai ɗan ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, shi ma bayan ka gwada a ɓoye, ta bushe sarai tukuna.

Man zaitun kuma don Allah a'a, shi da duk wani man girki. Ranar farko za ka ga ta yi kyau ta yi sheƙi, amma yana shiga ba daidai ba, wani wuri duhu wani haske, daga baya iska ta taɓa shi ya lalace rigar ta fara wani irin wari, kuma ya ratsa ya fito a shafin ciki. Ni ta wannan ɓangaren nake ganin ɓarnar, a kawo riga shafinta duk tabon maiƙo sai dai a farke a sa sabo. In kana shafawa ka kauce wa shafin da saƙaƙƙen yadin bakin hannu in tana da shi, wurin ɗinki kuma kar ka bari mai ya taru a ramin allura, datti ke maƙalewa a nan yana cin zare.

Wani abu ga masu karantawa da ke da irin mai gashi-gashi, suwed, wannan ba a shafa mata mai ko kirim sam, tabo ne na har abada, buroshinta da feshinta daban. Fatar roba ma haka, in ta fara saluɓewa tana zubar da ɓawo babu man da zai tsayar da ita.

Bayan ka gama ka samo hanga mai faɗin kafaɗa, ta waya tana huda siffar kafaɗa. Kar ka rufe ta a leda, jakar yadi ta fi, fata tana son iska. In ruwa ya dake ka da ita ka goge ka rataye ta bushe da kanta, banda hita banda dirayar gashi.

Mai_Jaket ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na gwada, farin abun ya narke da na murza kuma ba ya wari, alhamdulillah. Ruwan da na ɗiga ya ɗan tsaya kafin ya shige a hankali. Ina son launinta yadda yake don haka kirim zan nema. Saura maganar tsagewar bakin hannu Baba, da kuma sau nawa ake yi a shekara?

Tsohon_Baduku ya rubuta:

Tsagewa ba ta haɗewa ɗana, zaren da ya karye ya karye. Abin da man zai yi shi ne ya tausasa gefen ya hana ta ci gaba, kuma idon tsagar zai ɗan ɓoye in wurin ya yi laushi. In ƙanana ne a saman rini kawai, bayan kirim ɗin ya zauna ka sami kirim mai launi daidai da nata ka ɗan taɓa wurin da yatsa ka goge sosai don kar ya shafi kaya. In kuwa ta ratsa har kana ganin cikin fatar, ka kai wa mai aikin fata ya manna mata wata siririyar fata ta ciki ko ya naɗe bakin da sabuwa, kar ka sa mata sufa gulu, ƙandarewa yake ya karya gefen.

Yadda ruwan ya tsaya sannan ya shige, tana da ɗan rufi mara kauri, kirim zai shiga lafiya. Sau ɗaya a shekara ya ishi yawancin riguna, biyu in kana yawan shiga rana da ruwa da ita, amma hannunka ya fi kalanda, in ka taɓa ka ji laushi ka bar ta. In ka ga bayan kwana biyu tana maiƙo a yatsa, ya yi yawa ke nan, ka barbaɗa farar hoda a wurin ta kwana ta tsotse, da safe ka kaɗe da buroshi, in bai gama ba ka maimaita.