Wa aiki ya fi ci, mace ko namiji?

Baban Khalifa: Jama'a, wannan magana da ake ta yayatawa wai aiki ya fi gallabar mata, ni ban yarda ba. Haya a kanmu, kuɗin makaranta a kanmu, cefane a kanmu. Mata dai sun fi mu iya faɗa ne kawai.

Sista Maman Ilham: Baban Khalifa, ka tsokano tsuliyar dodo. Jiya na kwana a tsaye a ɗakin haihuwa, na sauka ƙarfe takwas na safe. Na tarar da wanke-wanke jibge, ƙaramin yana zazzaɓi, ga surukata ta zo daga ƙauye, dole a ɗora tukunya. Abokin aikina namiji da muka sauka tare, koko da ƙosai ya sha ya ja bargo. Kuma albashinmu ɗaya.

Malam Mai Lissafi: Sista tana da hujja. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na hidimar gida da reno da ba a biya, mata ne ke yi.

Baban Khalifa: To Malam, tunda alƙaluma kake so. A 2021 ita wannan ƙungiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Kashi 72 cikin ɗari maza ne. Mu ba ma kuka, sai dai a ji mutum ya yanke jiki ya faɗi a tasha.

Hajiya Babba: Allah ya kyauta. Wannan gaskiya ne ƙanena, direban da ke kwana a hanyar Kano zuwa Legas ba hutu yake ba. Amma awannin neman kuɗi aka ƙirga. Wa ya ƙirga na gindin murhu?

Anti Mai Banki: Ni abin da ya fi ci min rai ba yawan aikin ba ne, fargaba ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai ciki hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin, har da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Da na kai takardata a inda na yi aiki da, oga ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce "in kin dawo ma gani". Wata uku ina jego, waya na ƙara gabana na faɗuwa.

Malam Mai Lissafi: Ai shi ya sa da Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2019 aka yi ta murna.

Baban Khalifa: Na ji, amma ku ma ku yarda, namiji in ya ce ya gaji, rago ake ce masa. Har a gidansa.

Sista Maman Ilham: Na yarda da wannan. Amma tsaya, kai ma'aikacin tarayya ne ko? Tun 2021 aka amince muku kwana 14 in matarku ta haihu. Da aka haifi Khalifa ka ɗauka?

Baban Khalifa: Na ɗauka mana.

Hajiya Babba: Ka yi me da su?

Baban Khalifa: Neman ragon suna, Hajiya, da sallamar baƙi.

Sista Maman Ilham: A saka mana Maman Khalifa a zauren nan, mu ji ta bakinta.